GWAMNATI A ZAURE TAKE TSAYAWA

  

Na san da yawanku da kun ga rubutuna za ku gyara zama kuna jiran labarin soyayya kamar yadda muka saba. To yau dai ku yi mini afuwa, na ɗan ajiye saurayi da budurwa a gefe, domin akwai abin da na gano da idona a daminar da ta wuce wanda ya hana ni sakat, har nake ganin in ban faɗa muku ba na ci amanarku. Hausawa suka ce gani ya kori ji.

Gwaggona, wato yayar mahaifina, tana aure a Mandera cikin ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato. Rabona da garin tun ina aji biyu a ƙaramar sakandare. Sai ga saƙo cewa babbar 'yarta, wadda muke ce wa Yaya, ta sauka lafiya, an samu mace, don haka Baba ya ce in shirya in je suna in wakilci gidanmu. Na shiga mota daga Sakkwato muka ɗauki hanyar da ta nufi Tambuwal da Jega, muka ratsa Boɗinga, garin da Malam Abdullahin Gwandu ya zauna, ƙasar da Sifawa take, inda Shehu Usmanu ya yi zama kafin ya koma Sakkwato a 1815. Muka miƙa har ƙasar Shagari, mahaifar marigayi Alhaji Shehu Shagari wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Sauran tafiyar kuwa ɗan kabu-kabu ne ya ƙarasa da ni, ina riƙe da mayafina da hannu ɗaya, jakar tsaraba a ɗayan.

Abin da na fara cin karo da shi a ƙofar gidan Gwaggo shi ne rubutun alli. Bangon zauren nan kaf an bi shi da lambobi da haruffa, wani a kan wani, wani ruwa ya fara wanke shi. Bayan mun gaisa na sha fura, sai na ce, "Gwaggo, makaranta aka buɗe a zaurenku ne?"

Ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, aikin gwamnati na. Masu ɗigon shan inna su rubuta nasu, masu maganin zazzaɓin damina su rubuta nasu, masu gidan sauro su rubuta nasu. Kowa yaz zaka sai ya bar muna shaida ga bango."

Ku yi haƙuri da Sakkwatancin Gwaggo, haka take magana, kuma in na juya shi zuwa Kananci daɗinsa zai gudu.

A lokacin dariya kawai na yi. Sai daga baya na gane cewa bangon nan gaskiya yake faɗa. Gwamnati tana zuwa, amma a zaure take tsayawa. In ta yi nisa ta shigo tsakar gida ta yi minti biyar ta fita. Abin da zai faru bayan ta juya baya yana hannun wadda ke cikin gidan, wato ni da ke da iyayenmu mata.

ANGON GWAGGO

Yaya tana da ɗa namiji ɗan shekara 3, wanda aka yaye shi da wuri saboda cikin ƙanwarsa. Ba zan faɗi sunansa ba. Gwaggo "Angona" take ce masa irin wasan kaka da jika, don haka mu ma mu kira shi Ango.

Ranar suna gida ya cika maƙil, ana ta guɗa ana ɗaukar jaririya, kowa hankalinsa yana kan mai jego. Ni kuwa sai idona ya kai kan wani yaro a rakuɓe bayan rumbu, ya rame, gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, miyau yana zuba daga bakinsa. Na je na ɗauke shi na miƙa masa alewa, ya karɓa ya riƙe amma ya kasa kai wa baki. Jikinsa zafi rau, kuncinsa na hagu ya ɗan kumbura, sannan wani irin wari yana fitowa daga bakinsa wanda ban taɓa jin irinsa ba. Na lallashe shi ya buɗe bakin, sai na ga dasashinsa ya yi jajir ya zaizaye, yana tsattsafar da jini.

Gabana ya faɗi, domin na taɓa jin wani likita a rediyo yana bayanin wata cuta mai fara wa yara daidai haka.

Da dare bayan baƙi sun watse na samu Yaya a ɗaki na ce, "Yaya, tun yaushe bakin Ango yake haka?"

Ta ce, "Yau kwana huɗu. Tun da yay yi ƙyanda watan jiya bai koma daidai ba. Tsohuwar gidanmu ta ce iska ta, ana yi mishi hayaƙi."

Na ce ta ba ni katinsa na rigakafi. Ta lalubo shi a ƙasan adaka. Na duba, an yi masa na haihuwa da na makonnin farko, daga nan shiru. Gurbin allurar ƙyanda, wadda ake yi wa yaro yana wata 9 a kuma maimaita yana wata 15, babu komai a ciki. Don in yi mata adalci, ta ce ta taɓa goya shi har sau biyu zuwa wani ɗakin shan magani a wani ƙauye, ranar farko ta tarar da kwaɗo a ƙofa, rana ta biyu aka ce allurar ta ƙare, daga nan ta yi zuciya ba ta sake komawa ba. Wannan kam laifin ba nata ba ne ita kaɗai, kuma duk wanda aka ba amanar irin wannan wuri ya ji tsoron Allah.

Amma a cikin adakar nan na ga wani abu kuma. Wasu 'yan ƙwayoyi ne a cikin takardarsu, an ɓalle na farko an bar sauran. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ne da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya a wata har wata 4 na damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan tsari a 2012, kuma jihar Sakkwato tana cikin waɗanda suka fara shi tun 2015. Ga yadda yake: maganin na kwana 3 ne. Na ranar farko a gaban ma'aikaciya ake ba yaro, na rana ta biyu da ta uku kuwa uwa ake bar wa. Kun ga ke nan kashi biyu cikin uku na aikin a hannunmu yake. Yaya ta ce yaron yana tofarwa yana kuka, ga nauyin ciki, sai ta ajiye da niyyar gobe, goben da ba ta zo ba. A tsakanin nan zazzaɓi ya kayar da shi sau biyu.

Da safe na tari maigidan Yaya a zaure, na durƙusa na gaishe shi na ce, "Malam, don Allah a ba mu izini mu kai yaron nan Sakkwato yau, akwai asibitin da ake duba irin wannan ciwo kyauta."

Ya yi shiru, sannan ya ce hidimar suna ta cinye abin hannunsa, a bari a ga kaka. Mutumin kirki ne, babu ce ta yi masa yawa. Ina cikin neman abin da zan ce sai muka ji muryar Gwaggo daga bayan ƙofa. Ta ce, "Ciwo ba ya jiran kaka. A kama jar akuyata a kai kasuwa, ni ka kai mijina da kaina."

ASIBITIN NOMA

A mota Gwaggo ta tambaye ni sunan asibitin, na ce Asibitin Noma. Ta dube ni ta ce, "Noma kuma? Mu da munka baro noma gida?" Duk da halin da muke ciki sai da fasinjoji suka yi dariya.

Wannan noman daban yake da na gona. Kalmar daga harshen Girkanci take, ma'anarta abin da ke cinyewa. A ƙauyukanmu wasu suna ce masa ciwon daji, wasu ciwon iska. Ƙwayoyin cuta ne da ke cikin baki suke samun galaba a kan yaron da jikinsa ya yi rauni, galibi ɗan shekara 2 zuwa 6, wanda tamowa ta kama shi, ko ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, ga kuma rashin wanke baki. Daga dasashi yake farawa, cikin 'yan kwanaki ya ci kunci ya huda shi, ya ci leɓe da hanci har ƙashi. In ba a yi magani ba, a cikin yara 10 har 9 suna iya rasuwa. In kuwa an kama shi da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wankin baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da shi. Kuma ba a ɗaukarsa daga wani, don haka babu dalilin gudun mai shi.

An buɗe asibitin a Sakkwato a 1999, yana ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta jiha, kuma tun 2014 ƙungiyar likitocin nan ta MSF take taimaka masa. Daga jihohi da dama ake kawo yara. Nijeriya ce ma ta jagoranci kai kuka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, a watan Disamba na 2023.

Aka ba Ango gado. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba bakinsa ta ce wa Gwaggo, "Mama, kun yi ƙoƙari. Da kun ƙara 'yan kwanaki da wani zancen ake yi."

A nan na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wata budurwa ce sa'ata, tana zaune a inuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, idanuwanta dara-dara masu kyau. Muka saba har ta ba ni labarinta. Tana 'yar shekara huɗu ciwon ya kama ta, ta rayu, amma ya tafi da kuncinta da gefen leɓenta, kuma muƙamuƙinta ya ɗaure har ba ta iya buɗe baki sosai. Ba ta yi makaranta ba saboda tsokanar yara. Ba ta taɓa fita dandali ba. Ƙannenta biyu an yi musu aure tana kallo. Ta ce da ni, "Ni ko sau ɗaya ba a taɓa aiko yaro a ce ana sallama da ni ba." Likitoci sun yi mata aiki sau ɗaya tana jiran na biyu, kuma tana cike da murna don ta fara cin tuwo kamar kowa.

'Yan uwa, na sha rubuta kukan budurwar da saurayi ya yaudara, amma ranar na san akwai kukan da ya fi wannan. Kuma abin da zai hana shi tun farko bai fi allura ɗaya da ƙwayar magani da wani ya leƙa bakin yarinya ba.

TABON KURKUNU

Zaman jinya ya sa na samu hira da Gwaggo irin wadda ban taɓa samu ba. Wani dare ta ɗage zaninta ta nuna mini wani tabo a idon sawunta ta ce na kurkunu ne. Yawancinku ba ku san shi ba, kuma ku gode wa Allah. Tsutsa ce doguwa kamar zare da ake sha a ruwan tafki, ta shekara a jikin mutum sannan ta huda fata ta fito, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Da damina take kwantar da mutane, daidai lokacin noma. A ƙidayar da aka yi a 1988 zuwa 1989 an samu masu ita fiye da 650,000 a Nijeriya. Mutum na ƙarshe da ya yi ta a ƙasar nan a 2008 ne, kuma a 2013 aka ba Nijeriya shaidar rabuwa da ita.

Abin mamaki, kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar magani. An haƙa rijiyoyi, an sa magani a tafkuna, an raba ƙyallen tace ruwa, manya irin su Janar Yakubu Gowon da Jimmy Carter na Amurka sun yi ta yawon faɗakarwa. Amma wa ya tsaya kullum safiya yana ɗaura ƙyallen nan a bakin randa? Gwaggo ta buga ƙirji ta ce, "Mu na. Su sun kawo ƙyalle, mu munka kashe tsutsa."

GONA DA ITACE

Ma'aikaciyar jinya ta tambayi abin da Ango yake ci, Gwaggo ta ce koko da safe, tuwo da dare, wani lokaci fura ba nono. A nan zance ya koma gona, domin tamowar yaro daga rumbu take farawa. Gwaggo ta ce gonar da take cika musu rumbu biyu tana amarya, yanzu da ƙyar take cika ɗaya. Itatuwan da ke tare iska an sare, in guguwar farkon damina ta taso sai rairayi ya binne shuka a sake sabon iri. Itacen girki ya yi nisa, 'yan mata su fita tun da hantsi sai azahar, makaranta ta wuce su. In itace ya gagara a ƙona kara da kashin shanu, waɗanda su ne abincin ƙasa. Ƙasa ta ji yunwa, yaro ma ya ji.

A nan ma gwamnati ba ta zauna ba. Sakkwato tana cikin jihohi 11 na Arewa da ke cikin shirin babbar ganuwar itatuwa wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal har Jibuti, don tare hamada. Akwai kuma shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta gaji, wanda Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 dominsa a watan Disamba na 2021, na jihohin Arewa 19 da Abuja, kowace jiha da ofishinta. Duk damina kuma a kan raba dashen itatuwa. Sai dai kowa ya san yadda ake yi: ranar dashe a zo da motoci a ɗauki hoto, bayan wata biyu akuya ta yi kalaci da shi. Dashe kamar haihuwa yake, wahalar tana wajen raino.

Ku dubi maƙwabtanmu na Maraɗi a Nijar. Tun wajen 1983 manoma suka fara abin da suke kira sassabin zamani. Maimakon su tumɓuke kututturen da ke tohowa a gona, sai su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran. Ba a sayi dashe ba, ba a yi ban ruwa ba, amma an ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a wannan yanki na kudancin Nijar. Da yawansu gawo ne, wanda yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Mata suka samu itacen girki a gonar gida.

Mu da ba mu da gona fa? Muna da bakin makwarara. Ruwan wanke-wanken da yake kwanciya a bayan ɗaki, wanda sauro ke ƙyanƙyashewa a ciki cikin kamar mako ɗaya zuwa kwana 10, shi zai raini zogale. Zogale kuwa cikin 'yan watanni zai ba ki ganyen da za ki yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli ki ba ƙaninki. Kin kashe kwata, kin samu inuwa, kin yaƙi tamowa. Gwaggo ta ce a zamanin iyayensu duba-gari har randa yake leƙawa, in ya ga tsutsa a ci tarar maigida. Yau akwai hukumar kare muhalli ta jiha, SEPA, mai kwashe shara, amma babu hukumar da za ta zo ta share miki bayan murhu.

INA UNGULU TA TAFI?

Bayan an sallame mu na raka su Mandera. A bayan gari muka wuce mushen wata tunkiya, aka ce leda ta ci ta toshe mata ciki. Kwananta uku a yashe, ƙudaje sun rufe ta, karnuka suna ja, wari ya cika wurin, ga yara suna wasa kusa. Gwaggo ta toshe hanci ta ce, "Da can kafin la'asar ungulaye sun gama da ita. Yanzu ko ɗaya ba ka gani."

Sai na tsaya na yi tunani. Yaushe rabona da in ga ungulu, ko a mahauta? Ku ma ku tambayi kanku. An ce ungulu ba ta jewar banza, ashe mu take yi wa aiki ba mu sani ba. Cikinta yana da ƙarfin da yake kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, ita ce duba-garin daji. Tun 2015 masana suka sa irin ungulun da muka saba gani a garuruwanmu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

In kuna son ku san abin da rashinta ke jawowa, ku dubi Indiya, ƙasar finafinan da muke so. A shekarun 1990 aka riƙa yi wa shanu wani maganin ciwon jiki mai suna dikilofenak, ungulun da ta ci mushen saniyar sai ƙodarta ta lalace ta mutu. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayensu suka ƙare kafin a hana ba dabbobi maganin a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa yana ɓata ruwa, karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Mu a nan abin da ya fi cinye ta shi ne guba da kuma kasuwar masu magani, inda ake sayar da kanta da ƙafafunta da gashinta. Doka kuwa tana nan: akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 wadda jihohi suka gada, akwai ta tarayya ta 1985 da ta hana cinikin dabbobin da ke neman ƙarewa, akwai kuma ma'aikatan gandun daji. To amma mai kamawa don mai saye yake kamawa. A nan zan faɗi wadda ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Cikin masu sayen har da mu mata, masu bin malaman tsibbu da bokaye neman farin jini da mallaka. A ce miki wai a kawo kan ungulu a haɗa miki laya saurayi ya kasa sukuni. Haba 'yar uwa! Tsuntsuwar da ko ke ba kya son ta sauka a kan katangarku, ita za ta ba ki farin jini? Kin saɓa wa Allah, kin yi asarar kuɗinki, kin kuma bar mushe a bayan gari yana jiran ƙaninki. Haka nan ƙannenmu maza masu cinna wa daji wuta don kamun gafiya da ɓera, su ƙone ciyawar dabbobi da ƙananan itatuwa da ƙwan zabin daji, a ja musu kunne tun a gida.

NAMU AIKIN

Ban ce gwamnati ta gama nata ba. Muna roƙon a wadata ƙananan asibitocin karkara da magani da ma'aikatan da za su zauna, a gyara famfunan da suka mutu, wanda aka ba kwangilar dashe a tambaye shi nawa suka rayu. Wannan haƙƙinmu ne, kuma iyayenmu maza su riƙa faɗa a gaban hakimi da kansila.

Amma ke da kike karanta wannan, a gidanku wataƙila ke kaɗai ce mai iya karanta katin rigakafi. Yau in kin koma gida ki ce Mama ta ba ki na ƙannenki ki duba gurbin da babu komai. In masu maganin damina sun zo, ke ki riƙe na rana ta biyu da ta uku, ki narka shi a ɗan ruwa a cokali ki lallaɓa yaro ya sha. Ki riƙa wanke wa ƙanana baki da asuwaki ko buroshi, kina leƙa dasashinsu, musamman wanda ya tashi daga ƙyanda ko wanda aka yaye. In kin ga jini da wari da kumburin kunci, ranar za a tafi asibiti, ba gobe ba. Gidan sauron da aka raba a ɗaura shi a kan gado, a daina rufe rumbu da shi. Leda a tattara ta kada dabba ta ci. Ki dasa itace ɗaya ki kewaye shi da ƙaya, ki ba shi ruwa har ya fi ƙarfin akuya. Wanda kuma ya zo zance yana cika miki baki zai iya yi miki komai, ki ce ya fara da kawo dashen mangwaro, mu ga ko zai iya rainonsa shekara guda.

Ango ya warke. Fuskarsa tana nan yadda Allah Ya yi ta, ya yi kumatu, har ya koma tsokanar Gwaggo yana cewa ya sake ta ya auri jaririya. Yaya kuwa ranar da ƙanwarsa ta cika makonni shida, da kanta ta goya ta zuwa rigakafi, ta ce ko kwaɗo goma ta tarar za ta koma. Kafin in taho mun dasa zogale uku a bakin makwararar Gwaggo, ta aiko mini cewa biyu sun kama, ɗaya kuwa 'yar jar akuyar nan da aka sayar da uwarta ta rama da shi.

Ita kuma ƙawata ta asibiti, ku sa ta a addu'a Allah Ya sa aikin da ya rage mata ya yi kyau, Ya kuma kawo mata wanda zai aiko a ce ana sallama da ita.

A nan zan dakata. Kuskuren da ke ciki nawa ne, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu koma kan labarinmu in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.